Halowin a Amurka da Ingila: kayan da ake sayarwa da yadda kasuwar take tafiya

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, da fatan kowa na lafiya, ya sanyin da ya fara leƙowa. Tunda na saka hotunan layinmu a status mutane ke ta tambaya, wai Anti lafiya kuwa me ya kawo ƙwarangwal ƙofar gidan maƙwabtanku, wata ƙanwata ma cewa tayi gara mu tashi daga unguwar. To ba komai bane illa bikin da suke ce wa Halowin, daren 31 ga Oktoba ake yinsa duk shekara, yara su yi shiga iri-iri su bi gida-gida ana ba su alewa. Da yake na zauna a Manchester ta Ingila kafin Allah ya kawo mu nan jihar Maryland a Amurka, na ga yadda ƙasashen biyu suke yi, shi yasa nace bari in zauna in rubuta a tsanake, musamman ɓangaren kaya da farashi, don akwai masu shago a cikinku da suka tambaye ni ko da abin da za a iya sarowa.

Asalin abin daga Ailan da Sikotland yake, tsohon bikin ƙarshen kaka ne na mutanen can tun kafin Kiristanci ya je musu, daga baya coci ta sa ranar tunawa da waliyyanta 1 ga Nuwamba sai daren ya zama jajibirinta. Yunwar da ta faɗa wa Ailan daga 1845 ta koro mutane da yawa zuwa Amurka suka taho da al'adarsu, a can ƙasarsu wani tushe mai tauri suke ƙwaƙulewa su sa wuta a ciki, da suka zo nan suka tarar da kabewa ta fi girma ta fi sauƙin yanka sai suka koma kanta. Yau dai in kika tambayi maƙwabciyata ba za ta kawo miki zancen addini ba sam, yara za ta ce miki da alewa da hoto. Amma kasuwa kam ta riƙe abin da hannu biyu.

Abu na farko da ya ɗaure min kai a nan shi ne shagon da yake tsirowa ya ɓace. Akwai wani kamfani Spirit Halloween, tun 1983 yake wannan sana'a. Jira yake ya ga wani babban kanti ya karye ya bar gini a kulle, sai ya je ya kama hayar ginin na 'yan watanni kawai, wajen watan Agusta sai ki ga an rataya ƙyalle ruwan goro a gaban ginin an zuba kaya, farkon Nuwamba kuma an kwashe komai an ja ƙofa kamar ba a taɓa yi ba. Sama da shago 1,500 suke buɗewa a Amurka da Kanada a kaka guda. Mai gini ya samu kuɗin haya maimakon gininsa ya zauna wayam, ɗalibai sun samu aikin ɗan lokaci, shi kuma kamfanin bai ɗora wa kansa hayar shekara ba. Wallahi wannan dabarar ta burge ni, don ina tuna plazojin da ke tsaye babu kowa a garuruwanmu mai gini ya kafe sai dai a biya shekara biyu gaba ɗaya, ga kuma masu kayan Sallah suna ta cunkoso a bakin titi rana na dukansu.

Kuɗin da ke yawo a ciki ba wasa bane. Ƙungiyar masu kantuna ta Amurka ta ƙiyasta dala biliyan 12.2 a bikin 2023 kaɗai, kimanin biliyan 4 a kayan sawa, kusan haka a kayan ƙawata gida, biliyan 3.6 a alewa, har karnuka da kyanwowi ana ɗinka musu kaya na wajen dala miliyan 700. Dare ɗaya fa.

To amma ku zo mu duba kayan kansu, don a nan ne raina yake ɓaci. Rigar yaro guda, a ce ta ɗan sama jannati ko ta gimbiya ko ta irin jaruman katun ɗin nan, za ki same ta daga dala 25 zuwa 40, ta babba kuwa ta kan haura 50. In kin buɗe ledar, yadin roba ne shara-shara kina hango hannunki ta ciki, ɗinki layi ɗaya ba a ko bi baki ba, babu shafi, babu zif sai wani maɗauri mai mannewa a baya, hoton da ke jikin ledar daban abin da ke ciki daban, takalmi da sanda da hular da kika gani a hoton duk sai kin saya daban. Na taɓa saya wa ɗana ta likita don ranar sana'o'i a makarantarsu, kafin a tashi hammata ta farke, da na mayar wani shago aka nuna min rubutu a ƙasan rasit wai daga tsakiyar Oktoba ba a karɓar kayan da aka saya. Kuma a Amurka farashin da ke jikin kaya ba shi za ki biya ba, sai kin je gaban mai karɓar kuɗi a ɗora haraji, a nan Maryland kashi 6 cikin 100 ne, wata jihar ya fi haka wata babu. A Ingila abin da kika gani a rubuce shi za ki miƙa, wannan kam sun fi Amurka gaskiya da mai saye.

Duk telan da ke layinku a Kano ko Zariya ko Maradi in ya miƙa wa mutum irin wannan ɗinkin, to ranar sai an ji kansu. Da kuɗin rigar roba guda a nan, a gida an sayi yadi mai kyau an auna yaro an ɗinka masa da shafi har da canji. Dalilin da yasa mutanen nan suke haƙura da ita kuwa shi ne aikin hannu tsada gare shi matuƙa, rage tsawon wando kawai sai a caje ki dala 15 ko 20, ina ga ɗinka riga daga farko. Don haka kusan komai daga masana'antun China yake zuwa cikin kwantena tun bazara, an yi shi ne don a sa sau ɗaya a yar. A Ingila wasu ƙungiyoyin kare muhalli sun duba a 2019 suka ce kashi 83 cikin 100 na abin da ake yin kayan da shi roba ne, kuma sharar da ke fita daga cikinsu a shekara ta kai tan 2,000. Iyayen da suka iya keke su ne suka huta, irinsu in suka ɗinka wa yaro da kansu duk layi sai an tsaya kallo, kuma na lura su kansu Amurkawan sun fi girmama na hannu a kan na leda.

Kayan ƙawata ƙofar gida kuma wani babi ne. Saƙar gizo-gizo ta auduga, fatalwar da ake hura wa iska da ɗan injin, fitilu ruwan goro da shunayya, mayya a kan tsintsiya mai dariya in kin gifta saboda akwai na'urar da ke jin motsi a jikinta. Wanda kuka gani a hotona shi ne ƙwarangwal mai tsawon ƙafa 12 da kantin Home Depot ya fito da shi a 2020 a kan dala 299, yana shigowa yake ƙarewa, mutane har layi suke bi a intanet. Wasu saboda ba su da wurin ajiye shi sai su bar shi tsaye duk shekara, Kirsimeti ta zo su sa masa jar hula. Ni abin da har yau ban saba da shi ba shi ne kaburburan roba da ake jerawa a kan ciyawar gida har da hannu yana leƙowa daga ƙasa. Mu da aka koya wa yin sallama da addu'a in mun wuce maƙabarta, ganin an mai da kabari abin ado yana taɓa min zuciya, na kan kau da kai in wuce, kuma na zaunar da yarana na faɗa musu mutuwa ba abin wasa bace a wurinmu.

Sai kabewa. Daga ƙarshen Satumba kowane kanti za ki ga an jibge ta a manyan kwalaye a bakin ƙofa, babba dala 5 zuwa 8 a wajenmu, a Ingila kuwa na sha sayenta fam 1 ko 2 a kantunan Tesco da Asda, sai dai tasu ƙanana ne. Jihar Illinois ce ta fi kowace noma ta a Amurka, akwai ma wani gari Morton da ke da masana'antar da ake zuba ta a gwangwani. Amma ku sani irin wadda ake sassaƙa wa ido da baki ba ta miya bace, an fitar da irinta ne don girma da faɗin ciki, namanta ruwa-ruwa ne da zare-zare babu garɗi. In miyar taushe kike so sai ki nemi ƙananan nan masu nauyi da suke yin kek da su, ko dogayen nan masu wuya launin ƙasa-ƙasa, su ne suka fi kusa da tamu, da ɗan yakuwa daga shagon 'yan Afirka da gyaɗar gwangwani miya ta haɗu. Abin takaici bayan biki sai ki ga kabewa a kowane kwandon shara, wasu suna ruɓewa a kan matakala kurege yana ci. Abinci ne fa Allah ya hore, idona bai taɓa sabawa da wannan ba.

Inda na ce manomin Amurka ya iya lissafi shi ne gonar da ake biya a shiga. Maimakon ya loda kabewarsa ya kai wa dillali a saya a wulaƙance, sai ya buɗe gonar duk ƙarshen mako na Oktoba, kuɗin shiga kowane kai dala 15 zuwa 25, a ɗora ku a bayan tarakta kan damin ciyawa a zagaya da ku, ya yanka hanyoyi masu ruɗarwa a cikin gonar masara yara su shiga su nemi mafita, ga awaki da tumaki ki sayi abinci a ɗan kofi ki ba su, ga ruwan tuffa mai zafi da soyayyen fanke irin nasu, a ƙarshe kuma ki tsinki kabewa da hannunki a auna ki biya fiye da kuɗin kanti. Akwai banɗaki mai tsafta, akwai wurin ajiye mota da masu nuna hanya, akwai wurin wanke hannu bayan an taɓa dabbobi, tikiti kuma a waya ake saye a ba ki lokacin zuwa don kar a cika. Mun je da yara kuma gaskiya babu wani abin tsoro ko na shirka a wurin, gona ce kawai da iska mai daɗi. Yaran birni da ba su taɓa ganin inda abinci yake fitowa ba su ne kasuwarsa, kuma irin waɗannan yaran yanzu sun cika Kano da Kaduna da Abuja.

Alewa ita ce zuciyar daren. Manyan ledoji ake sayarwa masu ɗauke da ƙananan cakulan da minti guda ɗari ko fiye, kowanne a naɗe a takardarsa, leda guda dala 15 zuwa 25, gidan da ke unguwa mai yara kuwa sai ya sayi uku ko huɗu. Dole ya zama a rufe daga kamfani, in kika ba yaro abin da kika soya a gida iyayensa zubarwa za su yi, ba don raini ba, haka tsarin yake saboda tsoro. Gidan da ya ajiye kabewa mai launin shuɗi-kore kuma yana nufin yana da 'yan kayan wasa ko fensir don yaran da gyaɗa ko madara ke tayar wa da ciwo, wannan tunanin ya yi min kyau ƙwarai.

Mu Musulmi matsalarmu jelatin ce, wani sinadari mai danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabba, a nan kuma sau da yawa na alade ne. Yawancin alewa mai taunuwa kamar roba da farar nan mai laushi suna da shi. Abin mamaki alewa guda sai ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, Starburst ta Amurka tana da jelatin, ta Ingila babu. Haribo da aka yi a Turkiyya da na saniya ake yi akwai tambarin halal a jiki, a shagunan Larabawa da 'yan Pakistan ake samu, wadda aka yi a wani wurin kuma sai kin karanta bayan leda. Ta wannan fannin Ingila ta yi wa Amurka nisa, a Manchester tambarin halal da na masu cin ganyayyaki kawai a fili yake a manyan kantuna, a nan kuwa sai ki tsaya da waya a hannu kina binciken kowane suna. Don Allah duk wanda aka kawo wa tsarabar alewa daga waje ya dinga juya bayan ledar.

Cakulan kuma ya yi tsada a 'yan shekarun nan kuma dalilin daga yankinmu yake. Ghana da Kodebuwa su ke noma fiye da rabin kokon duniya, cuta da rikicewar damina suka rage amfanin, a 2024 farashin tan guda ya haura dala 10,000, abin da ba a taɓa gani ba. Sai kamfanoni suka ƙara kuɗi, ledar ta ƙanƙance, suka kuma ƙara cusa alewar sukari a ciki maimakon cakulan. 'Yan uwanmu na zangon Kumasi sun san wahalar da manomin koko yake sha da ɗan abin da yake shiga aljihunsa, ga shi a nan ana raba guminsa kyauta a bokiti a bakin ƙofa.

Shi daren kansa da tsari yake tafiya. Wajen ƙarfe 6 zuwa 8 yara ke fitowa cikin shigarsu da 'yan bokitai, iyaye na biye da su a baya da tocila. Ƙa'idar da kowa ya sani ita ce fitilar ƙofa, in a kunne take a buga, in a kashe take a wuce. Mu kashe tamu muke yi, kuma tunda muka zo ba wanda ya taɓa buga mana ko ya canza mana fuska washegari, maƙwabciyata ma da ta gane ba ma yi sai ta daina tambaya, amma da Sallah ita ce ta fara aiko wa yara da kati. Malaman da muke bi a nan sun ce a nisanci bikin saboda asalinsa, ni ma a kan haka nake, amma duk uwar da ta ce miki abin yana da sauƙi ba ta faɗa miki gaskiya ba, yaro ɗan shekara shida yana leƙe ta taga yana ganin duk 'yan ajinsu suna wucewa da bokiti cike da alewa. Shi yasa masallatai da yawa suke shirya wa yara daren nasu a wannan ranar, wasanni da fiza da alewar halal da gasar karatu, mu can muke tafiya tun la'asar. Makaranta ma in za su yi zagayen shiga sukan aiko da takarda tun da wuri, ki sa hannu in ba kya so, sai a kai yaron wani aji ya yi zane da sauran irinsa, ba Musulmi kaɗai ba har wasu Kiristocin ba sa yi.

Haɗarin daren na gaske kuwa mota ce. Wani bincike da aka buga a 2018 ya nuna mutuwar masu tafiya a ƙasa tana ƙaruwa da kashi 43 cikin 100 a wannan yammacin a Amurka, ƙananan yara su suka fi shiga ciki, ga duhu ga baƙaƙen kaya ga abin rufe fuska da ke tare musu gani. Saboda haka ne ma coci-coci da makarantu suka ƙirƙiro wata hanya, a jera motoci a fili a buɗe but ɗin kowace a zuba alewa, yara su zagaya a wuri guda ba tsallaka titi.

Ingila nata bikin ƙarami ne in aka gwada. Layi ɗaya ko biyu ne a cikin kanti, rigar yaro fam 10 zuwa 15, kantin Poundland cike da tarkacen fam ɗaya-ɗaya, mutane da yawa kuma shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji suke shiga su haɗa shigarsu da tsohuwar riga da kwalli. Su kuma sun fi karkata ga shigar ban tsoro zalla, mayu da fatalwa, ba kamar Amurka da za ki ga yaro ya yi shigar ayaba ko motar kashe gobara ba. A can in babu kabewa mai haske a ƙofa ba a bugawa, 'yan sanda ma suna raba takardar da tsofaffi za su manna a ƙofa cewa kar a dame su, wasu shagunan kuma ba sa sayar wa matasa ƙwai da fulawa a makon saboda jifan gidaje. Sun fi Amurka tsanani a zancen wuta, tun da rigar 'yar wata mai gabatar da shirin talabijin ta kama da wuta daga kyandir a 2014 aka matsa wa kantuna suka ƙara gwajin yadin, kowace riga da jan gargaɗi a wuya. Duhu ma da wuri yake yi musu don sun riga sun mayar da agogo baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, Amurka sai farkon Nuwamba take mayarwa. Kuma hankalin Ingila rabi yana kan 5 ga Nuwamba, daren da suke tunawa da yunƙurin tarwatsa majalisarsu a 1605, nan ne kuɗinsu yake tafiya a wasan wuta, sati biyu ba barci sai ƙarar nokawut.

Wata ƙawata da ke Glasgow ta ce min a Sikotland tsohuwar al'adar ba a ba yaro komai sai ya yi waƙa ko ya ba da labarin ban dariya tukuna, ina jin haka nace to ai wannan tashe ne. Yaranmu daga goma ga azumi su manna gemun auduga su cusa tsumma a ciki su yi tumbi, su bi gida-gida da gwangwani suna wasa a ba su hatsi ko 'yan kuɗi, ba a sayi komai a kanti ba, kuma kowane wasa da hannunka mai sanda a ciki, na rowa ne ko na gwauro ko na malamin da bai riƙe girmansa ba. Namu ya fi nasu fasaha nesa ba kusa ba. Abin da suka fi mu shi ne an ware lokaci, iyaye na biye, kowa ya san gidan da za a shiga da wanda ba za a shiga ba. Mu kuwa da 'yan daba suka shiga cikin tashe har ta kai wasu shekarun hukuma tana hana shi a Kano, hanawa aka yi maimakon a tsara, abin yana damuna sosai don yarana ba su taɓa ganin tashe ba sai a waya.

Sauran ƙasashe labari nake ji daga dangi. Ɗan kawuna da ke Lyon yace a Faransa an so a cusa bikin a ƙarshen shekarun 1990 amma bai kama sosai ba, su 1 ga Nuwamba hutu ne na zuwa maƙabarta, masu sayar da furanni ne suke cin kasuwar makon. A Jamus yana ƙaruwa, amma ƙananan yara sun fi sanin 11 ga Nuwamba da suke zagayawa da fitilun takarda da suka haɗa da hannunsu a makaranta. Mutanen Meziko da muke zaune da su a nan kuma nasu daban ne gaba ɗaya, 1 da 2 ga Nuwamba ranakun tunawa da mamatansu ne, shagunansu cike da furanni ruwan ɗorawa da wani burodi mai sukari da ƙoƙon kai na alewa, su jera hotunan iyayensu da abincin da mamacin yake so. Ba hanyarmu bace, mu addu'a da sadaka muka sani, amma na shiga gidan wata abokiyar aikina na ga hoton mahaifiyarta tana gyara masa zama tana share hawaye, wannan kewa ce ta gaske ba irin kabarin roba ba. UNESCO ma ta sa bikin cikin al'adun duniya a 2008. A gabashin Asiya kuma manya ne suka karɓe shi suka mai da shi cincirindon titi, a Seoul ta Koriya ta Kudu mutum 159 suka rasu a turmutsutsun wani ɗan lungu a unguwar Itaewon daren 29 ga Oktoba 2022, yawancinsu matasa, Allah ya kiyaye. Bayan nan unguwar Shibuya ta Tokyo ta fito ƙarara ta roƙi mutane kar su zo mata taro.

Yanzu ga masu shagon da suka tambaya. Ranar 1 ga Nuwamba komai yake faɗuwa rabin kuɗi, kafin sati ya zagayo wasu kayan sun sauka da kashi 75 ko fiye, don kanti yana sauri ya share wuri wa kayan Kirsimeti. Amma Hajiya kar ki sa kuɗinki a fuskokin dodanni da jinin ƙarya, ba mai saye a wajenmu kuma ba ma so ya shigo. Cakulan ma ki bar shi, kafin kwantena ta iso Legas ta fito daga hannun kwastam ya narke ya daskare ya yi fari. Rigunan likita da matuƙin jirgi da ɗan kwana-kwana suna da kasuwa saboda makarantun kuɗi da ke yin ranar sana'o'i, sai dai shawarata in aiko miki da guda ɗaya-ɗaya na kowane iri a matsayin samfur, ki kai wa telanki ya kwaikwaya da yadi mai kauri, zai fi wannan kyau ya fi shi arha kuma yaro ya sa ƙaninsa ma ya gada. Abin da ya cancanci kuɗin awo shi ne fitilun ado masu batir da masu cajin rana, kyandir na batir da ba ya kama labule, 'yan tocilolin da yara ke ratayawa, da manyan akwatunan roba masu murfi da ake karyar da su saboda kawai launinsu baƙi da ruwan goro ne. Su ma sai kin haɗa lissafin dala da kuɗin kilo tukuna, don da yawansu daga China suka zo nan, wanda yake da hanyar Guangzhou ko Yiwu zai same su ƙasa da abin da zan saya ko bayan ragin. Duk mai so ta turo min jerin abin da take buƙata kafin ƙarshen Oktoba, don ragin ba ya wuce mako guda ake kwashe kantocin.